Yadda Ake Haɗa Sifa da Suna da Aikatau a Ingilishi, Mataki-Mataki

Tambayar da aka fi aiko mini a bana kusan iri ɗaya ce, wato yadda ake sanin wace sifa ce ke tafiya da wane suna ko aikatau a Ingilishi, ko daga ɗalibai masu shirin jarrabawar BEPC da BAC, ko ƴan jami'ar André Salifou ta nan Damagaram, ko ƴan kasuwar da ke bin hanyar Matamai da Daura zuwa Kano. Mutum ya haddace sifofin Ingilishi tuli, ya san *heavy*, ya san *strong*, ya san *high*, amma da ya yi rubutu sai ya ga malami ya bi shi da jan bik, in kuma magana ya yi sai mai sauraro ya ɗan yi turus. Kalmomin yana da su, abokan tafiyarsu ne bai sani ba. Kowace sifa a Ingilishi tana da sunaye da aikatau da ta saba zama da su. Mu ma haka abin yake a Hausa: fari fat muke cewa, baƙi ƙirin, ja wur, kuma ba Bahaushen da zai ce fari ƙirin, ko da bai taɓa zama ajin nahawu ba, don kunnensa ba zai karɓa ba. Irin wannan kunnen nake so mu gina wa Ingilishi, ga kuma yadda nake bi da ɗalibaina a darasin yamma.

1. Tanadi kayan aiki

Kaye guda mai shafi 100 ko 200 wanda ba za ka haɗa shi da wani darasi ba, da bik biyu, shuɗi da ja. Duka ukun za ka same su a Kasuwar Dole.

Sai ƙamus. Ɗan ƙaramin nan na Faransanci zuwa Ingilishi da yawancinmu muka riƙe tun ajin farko na koleji ba zai wadatar ba, domin ma'ana kawai yake bayarwa. Ka duba *fort*, ya ce maka *strong*, shi ke nan ya sallame ka. Ba zai gaya maka cewa ruwan sama ba ya karɓar *strong* ba. Kana bukatar ƙamus na Ingilishi zalla mai cike da misalai. Na Oxford mai suna Oxford Learner's, da na Cambridge, da na Longman duk suna intanet kyauta, megar waya kawai za ka kashe, rubutu kuwa ba ya cin mega kamar bidiyo. Akwai kuma Oxford Collocations Dictionary, wanda ya fara fitowa a 2002 aka sake fito da shi a 2009. Aikinsa ke nan tsura: ka buɗe suna, ya jero maka sifofi da aikatau da ke tafiya da shi. Yana da tsada, ba kuma lallai ba ne. In wani a ajinku yana da shi, ku riƙa zama tare. Kalmar *collocation* ita ce sunan irin wannan haɗi, ka riƙe ta don ita za ka rubuta idan kana bincike.

Gargaɗi: manhajar fassara ta waya yawanci amsa ɗaya take ba ka, ba ta nuna maka sauran haɗe-haɗen da ke kusa, ba ta kuma gaya maka dalili. Kada ka cika kayenka da abin da ta ba ka ba tare da ka duba ƙamus ba.

2. Tsaga kayen bisa suna

Nan ne aka fi ɓata aiki tun daga tushe. Ɗalibi yakan ja layi a tsakiyar shafi, sifa a hagu, ma'anarta a dama, ya yi ta haddacewa. Juya tsarin. Kowane shafi ka sa masa suna guda a sama, saboda idan kana rubutu abin da za ka yi magana a kai shi ne ke fara zuwa maka, sannan ka nemi sifar da za ta dace da shi.

Ga yadda shafin ruwan sama zai kasance. A sama *rain*. A layi na farko sifofinsa: *heavy rain, light rain, torrential rain*. A layi na biyu aikatau da sifar da ke biyo shi: *get wet, get soaked*. A layi na uku jimla taka ta kanka: *We had heavy rain last night and I got soaked on my way home.* Can ƙasa, da jan bik, ƙanana, a soke da layi: *strong rain*.

Fara da sunaye ashirin daga rayuwarka ta kullum: ruwa, iska, shayi, farashi, kasuwa, aboki, jarrabawa, kuskure, hanya, barci, da makamantansu.

Gargaɗi: haɗin da ba daidai ba sau ɗaya za a rubuta shi, a soke. Ido yana haddace abin da yake yawan gani, ko daidai ne ko kuskure.

3. Sa sifa a mazauninta

A Hausa muna da zaɓi: farin doki ko doki fari. A Faransanci launi bayan suna yake zuwa, *un cheval blanc*. A Ingilishi sifa gaban suna take zama: *a white horse*. Ba ta kuma canza kama saboda jinsi ko jam'i. Mu muna da fari, fara, farare. Su *white* ne kawai, don haka *white horses*, ba a ƙara wa sifar *s* ko da dawakin Sarkin Damagaram duka ake nufi ranar hawan salla. Wannan *s* ɗin da hannu ya saba da shi daga Faransanci yana cinye wa yara maki sosai, a kula.

Akwai wurare biyu da dokar ke juyawa. Bayan *something, nothing, anything, someone* sifa baya take zuwa: *something new, nothing special*. Sannan akwai wasu sifofi masu farawa da *a* da ba sa zama gaban suna ko kaɗan: *afraid, asleep, alive, alone, awake*. Za ka ce *the child is asleep*, amma yaro mai barci *a sleeping child* ne. Za ka ce *the boy is afraid*, amma a gaban suna sai *a frightened boy*.

4. Jera su idan sun fi ɗaya

Jerin da aka saba shi ne: ra'ayi, girma, shekaru, siffa, launi, asali, abin da aka yi kayan da shi, sannan amfaninsa. Jakar fata irin ta dukawan garin nan: *a beautiful old brown leather bag*. Butar alwala: *a small blue plastic kettle*. Ba sai ka wahalar da kanka da haddace jerin takwas ba, don da wuya ka bukaci fiye da biyu ko uku a jimla guda. Ka dai riƙe cewa ra'ayinka shi ne farko, abin da aka ƙera kayan da shi kuma yana manne da sunan.

5. Sifa da suna: haɗe-haɗen da ake tuntuɓe a kansu

Wannan shi ne cikin aikin, a nan za ka fi daɗewa.

Fara da *heavy* da *strong*, don mu a Hausa duka biyun "mai ƙarfi" muke ce musu a wurare da yawa, Faransanci ma *fort* yake cewa. Ruwan sama mai ƙarfi *heavy rain* ne, iska mai ƙarfi kuwa *strong wind*. Cunkoson motoci *heavy traffic*, mai yawan shan taba *a heavy smoker*, babbar asara *heavy losses*. Wari ko ƙamshi mai ƙarfi *a strong smell*. Kishiyar *heavy* a nan ita ce *light*: *light rain, light traffic*. Ƙurar hunturu da ke rufe gari har ba ka hango hasumiyar masallaci *thick dust* ce ko *thick haze*.

Shayi. Duk wanda ya taɓa zama a fada, wato majalisar samari ta shan shayi, ya san bambancin kofin farko da na uku. Na farko, mai ɗaci wanda ke hana barci, *strong tea* ne. Na uku, da ganyen ya riga ya saki, *weak tea*. Na sha ganin *thick tea* da *heavy tea* a takardun yara, saboda a ransu "shayi mai kauri" suke fassarawa. *Thick* na kunu ne da miya: *thick porridge, thick soup*.

Farashi, wannan na ƴan kasuwa ne musamman. Kaya ne ke tsada, farashi hawa yake: *the cloth is expensive*, amma *the price is high*. Haka *cheap goods* amma *a low price*. Za ka iya cewa *a fair price, a reasonable price, a fixed price*. A kasuwannin Kano za ka ji ana cewa *last price*, kuma can ka faɗe ta kai tsaye, kowa zai gane; a takardar jarrabawa ko wasiƙar kasuwanci zuwa waje *final price* ko *best price* za ka rubuta.

Tsawo. Mutum da bishiya *tall*: *a tall man, a tall tree*. Katanga da tsauni *high*: *a high wall, a high mountain*. Hanya da igiya *long*. Zafin jiki da hawan jini *high*: *a high fever, high blood pressure*.

Sauri. *A fast car, a fast runner*, abin da ke gudu ke nan. *A quick meal, a quick look, a quick answer*, abin da ba ya ɗaukar lokaci. *Fast food* suna ne da ya kafu haka, ba a taɓa shi.

Abinci idan ya lalace, kowanne da sifarsa: burodin da ya kwana *stale bread*, madarar da ta yi tsami *sour milk*, ruɓaɓɓen tumatir *rotten tomatoes*, ƙwai ma *rotten eggs*. Kishiyarsu duka *fresh*.

Mutane. Amini *a close friend* ne. Yaya namiji *elder brother* ko *older brother*, ƙane *younger brother*. Maƙwabtanmu na Najeriya sukan ce *senior brother* da *junior brother*, kuma da yawa daga cikinmu a bakinsu muka ɗauka. Mai gyaran takardar BAC ba lallai ya bar maka ita ba. Gargaɗi a nan: *elder* ba ta tafiya da *than*. *He is older than me* ake cewa.

Barci: *a deep sleep*, mai saurin farkawa *a light sleeper*, mai nauyin barci *a heavy sleeper*. Kuskure: *a big mistake, a serious mistake, a common mistake*. Yawa: *a large amount, a large number*.

Kada ka zuba waɗannan duka a kaye rana ɗaya. Shafi biyu a rana sun isa.

6. Rabu da "ina da" da "ina jin"

Wata yarinya ƴar ajin ƙarshe ta taɓa rubuta mini *I have hungry and I have afraid of the exam*. Da na soke, ta ce, "Mushe, ai *j'ai faim* ne, *j'ai peur* ne." Gaskiyarta ta fuskar Faransanci. Hausa ma tura ta take yi ta wata hanyar: ina jin yunwa, ina jin tsoro, yana da gaskiya. Ingilishi kuwa a nan *be* yake ɗauka da sifa: *I am hungry, I am thirsty, I am afraid, I am cold, I am hot, you are right, he is wrong, she is lucky*. Shekaru ma haka: *I am twenty years old*. Ware wa wannan rukuni shafi guda, ka riƙa karanta shi da ƙarfi har bakinka ya saba.

Akwai kuma kuskuren da ke juye da wannan: *I am agree*, daga *je suis d'accord*. *Agree* aikatau ce, ba ta bukatar *am*. *I agree*, in kuma ba ka yarda ba *I don't agree*.

Bayan *be* akwai ƴan'uwanta da su ma sifa ke bin su: *look, seem, feel, taste, smell, sound*. *You look tired. The soup tastes good. The room smells nice. That sounds difficult.* Gargaɗi: kada ka ƙara *ly*. *The kilishi tastes delicious* daidai ne, *tastes deliciously* kuskure ne, saboda kilishin kake siffantawa. Idan aiki ake siffantawa, to nan ne *ly* ke shigowa: *she looked angry* tana cikin fushi ke nan, *she looked at me angrily* kallon fushi ta yi mini.

7. Aikatau na canjin hali

Mu "zama" ko "yi" muke cewa, Faransanci *devenir*, sai ɗalibi ya kama *become* ya yi ta lafta ta ko'ina. Ingilishi ya raba aikin tsakanin aikatau da dama, kowacce da sifofinta.

*Get* ita ce ta yau da kullum: *get tired, get angry, get dark, get ready, get lost, get married, get better, get worse*. *Become* ta fi dacewa da rubutu: *become famous, become clear, become difficult*.

*Go* yawanci canji ne zuwa lalacewa: *go bad, go sour, go wrong, go blind, go deaf, go mad, go bald*. Nonon da aka bari a rana, *the milk went sour*.

*Turn* ta launi ce da yanayi: *the millet turned yellow, the weather turned cold*.

*Fall* tana da ƴan kaɗan amma ana yawan bukatarsu: *fall asleep, fall ill, fall silent*. Gargaɗi babba: shuɗaɗɗen lokacinta *fell* ne. *I fell asleep.* Yara da yawa suna rubuta *I felt asleep*, *felt* kuwa ta *feel* ce. In gyangyaɗi kake ji, *I felt sleepy*.

*Run* ta abin da ke ƙarewa ce, kuma mu ƴan Damagaram mun fi kowa bukatarta lokacin bazara, sa'ad da famfo ke ɗaukewa a koma ga ƴan garuwa: *the tap ran dry, the well ran dry, our water is running low, we ran short of money*.

*Come true* ta mafarki da buri ce. *Grow old* ta tsufa. Idan kuma halin ne bai canza ba: *keep quiet, keep still, stay calm, stay awake, remain silent*.

A kaye, kowace aikatau shafinta daban, wannan yana cikin wuraren da za ka kauce wa tsarin mataki na 2.

8. Sifa bayan abin da aka yi wa aiki

Tsarin shi ne aikatau, sai mutum ko abu, sai sifa. *The news made me happy. Keep the door open. Leave the window closed. The noise drives me mad. I find English difficult.* Lura da bambancin wuri: *he painted the blue wall* katangar da ma shuɗiya ce ya yi mata fenti, *he painted the wall blue* shi ne ya mayar da ita shuɗiya. Idan aiki ne ke biyo baya, kada ka manta *it*: *I find it difficult to wake up early*.

Akwai kuma dunƙulallun haɗe-haɗe na aikatau da sifa da suna, waɗanda gara a haddace su gaba ɗaya kamar kalma guda: *make a big mistake, make a quick decision, do a good job, take a deep breath, pay close attention, have a good time, give a warm welcome, play an important role, catch a bad cold*. Waɗannan su ne ke ɗaga rubutun insha'i daga matsakaici zuwa mai kyau, kuma ni a ganina ɗalibin da ya riƙe ashirin irinsu da kyau ya fi wanda ya haddace manyan kalmomi ɗari bai san inda zai sa su ba.

Gargaɗi: *do a mistake* kuskure ne. Hausa "yi" ɗaya gare ta, Faransanci *faire* ɗaya, Ingilishi ya raba *make* da *do*. Haka kuma zama jarrabawa *take an exam* ne ko *sit an exam*; *pass an exam* cin ta ke nan, ba kamar *passer un examen* ba.

9. Ƙananan kalmomin da ke bin sifa

Kalmar "da" a Hausa tana aiki da yawa: cike da, gaji da, alfahari da, bambanta da, aure da. Shi ya sa hannunmu ke saurin rubuta *with* a ko'ina. Ingilishi kowace sifa da tata: *full of, tired of, proud of, afraid of, different from, married to, similar to, kind to, interested in, good at, bad at, famous for, responsible for, worried about, dependent on*.

Wasu suna ɗaukar fiye da ɗaya, ma'ana na canzawa. *Good at maths* gwani ne a lissafi, *good for you* yana da amfani a jikinka, *good to me* yana kyautata mini. *Angry with my brother* mutum, *angry about the delay* al'amari. *Tired of waiting* ka ƙosa, *tired from the journey* jikinka ne ya gaji. *She is married to a teacher* mijinta malami ne, *she is married with three children* tana da aure da ƴaƴa uku.

Rubuta ƙaramar kalmar da jan bik don ta fito. Gargaɗi: aikatau da ta biyo bayanta *ing* take ɗauka: *good at cooking, afraid of failing, interested in learning*.

10. Wutsiyar ed da ing, da kalmomin ƙarfafawa

Mai *ed* abin da mutum ke ji ne, mai *ing* abin da ya jawo jin. *The lesson is boring, so I am bored. The journey was tiring, so we were tired.* Wanda ya ce *I am boring* ya ce shi ne ke gundurar mutane. Haka *interested* da *interesting*, *confused* da *confusing*, *surprised* da *surprising*.

*Very* tana tafiya da sifofi masu hawa-hawa: *very cold, very tired, very good*. Waɗanda suka riga suka kai maƙura ba sa karɓarta, *absolutely* ko *really* suke so: *absolutely freezing, absolutely exhausted, really excellent*. Wasu kuma suna da tasu ta musamman: *fast asleep, wide awake, wide open, seriously ill, deeply sorry, highly likely, fully aware, brand new, pitch black*.

Gargaɗi kan *too*: tana nufin abu ya wuce kima har ya zama matsala. *The tea is too sweet* ba ya shawuwa ke nan. Samarinmu sun saba da *trop* wajen yabo, sai ka ga an rubuta *I am too happy to see you*. *Very happy* ko *so happy* ake nufi. *Enough* kuma bayan sifa take zuwa: *old enough, strong enough*.

11. Sifofin da suka yi kama da na Faransanci

Faransancin da muka yi a lakwal yana taimaka mana ƙwarai wajen koyon Ingilishi, kalmomi da yawa ɗaya ne. Amma akwai waɗanda kama kawai suka yi. *Sensible* a Ingilishi mai hankali ne, *a sensible decision*. Mai saurin jin abu a rai ko a jiki *sensitive* ne, *sensitive skin*. *Actual* na haƙiƙa ne. Halin da ake ciki yanzu *the current situation*. *Large* babba ne. Hanya mai faɗi *a wide road*. *Ancient* na zamanin da can ne. Tsohon darakta *the former headmaster*, tsohon ɗalibi *a former student*. *Sympathetic* mai tausayi ne. Mutumin kirki mai daɗin zama *a nice person*. *Gentle* mai taushin hali ne. *Gentil* kuwa *kind*. *Comprehensive* abin da ya game komai ne. Mahaifi mai fahimta *an understanding father*. Shafukan ƙarshe na kayen ka bar wa waɗannan, kowacce tare da sunan da take tafiya da shi.

12. Tantance haɗi, sannan ka yi aiki da shi

Idan kana shakkar wani haɗi, duba sunan a ƙamus, kada ka duba sifar. Buɗe *wind* ka karanta misalan, za ka ga abin da ke gabansa. In bai fito ba, akwai Google Books Ngram Viewer, kyauta ne: rubuta haɗin biyu da waƙafi a tsakani, misali *heavy rain,strong rain*, zai zana maka layuka biyu ka ga wanda ya fi yawa a littattafai. Za ka kuma iya sa haɗin cikin alamar zance a Google ka duba su wa ke amfani da shi. Gargaɗi: fitowar abu a Facebook ba hujja ba ce, masu koyo irinka ne suka cika wurin. Nemi manyan jaridu da kafofi irin su BBC.

Tsarin mako da nake ba ɗalibaina shi ne wannan. Daga Litinin zuwa Alhamis, karanta ɗan gajeren labari guda na Ingilishi kowace rana, ka ja layi ƙarƙashin duk sifar da ka gani tare da kalmar da ke gabanta da ta bayanta, ka zaɓi biyar ka shigar a kaye. Juma'a hutu. Asabar ka rubuta sakin layi guda na jimla shida zuwa takwas kan abin da ya faru da kai a makon, ka sa haɗi goma daga cikin waɗanda ka tara. Lahadi ka sami abokin karatu, ya faɗi suna ka ba shi sifa: ya ce *traffic*, ka ce *heavy*, ya ce *bread*, ka ce *stale*, sai ku juya. Minti ashirin a rana ya wadatar, in dai ba a tsallake ba. Jimlolin su zama na garinku da gidanku, na Birni da Zango da hanyar Mirya, domin abin da ya shafe ka ya fi zama a kai.

A ɗakin jarrabawa kuwa ba ƙamus ba waya. Idan haɗin ya ɓace maka, kada ka ƙirƙiro sabo daga Faransanci. Sauya ginin jimlar zuwa abin da ka tabbatar. Ka manta *heavy rain*? Rubuta *it rained a lot*. Ka manta *ran dry*? Rubuta *there was no water in the well*. Ka bar minti biyar na ƙarshe ka bi takardarka sau ɗaya kana duba abu uku kawai: *s* a wutsiyar sifa, *have* a inda ya kamata a sa *be*, da ƙaramar kalmar da ke bin kowace sifa.